Gemun Kaka a Gonar Makarantar Lutaran

Alade ne ya fara yi mini maraba a Amurka, kuma ba wasa nake yi ba. Dillalin da ya shirya mini tafiyar, wani mai bakin zuma da na haɗu da shi a Kano, ya ce gonar dabbobi ce, kuma tunda ni malamin aikin gona ne a wata sakandare a Daura, ai shugabancin ma'aikata za a ba ni. Da mota ta sauke ni, wari ne ya riga gurnani isowa. Na leƙa wani dogon ɗaki, na ga jajayen hanci har iya ganina. Na ce, "Innalillahi! Habu ɗan Malam Idi, ka ga abin da kwaɗayi ya jawo maka."

Tun a filin jirgi dama na soma ganin alama. Kilishin da Inna ta ƙulle mini, da daddawa, da kuka, duk wani jami'i ya sa safar hannu ya zuba su a kwandon shara ina kallo. Abin da ya tsira daga gida shi ne wata 'yar fata ɗinkakkiya da Baba ya ɗaura mini a damtse. Na ɗauka laya ce. Na yi mamaki ma, don Baba ba mutumin layu ba ne, amma wa zai tsaya tambayar mahaifinsa a ranar sallama?

Wata huɗu na yi a gidan aladun nan. Fasfona yana hannun yaron dillali, wai yana adana mini. Kullum in na tashi aiki sai in yi wanka sau biyu kafin in yi salla, duk da haka zuciyata ba ta yarda na tsarkaka ba. In an kira ni daga gida sai in ce shanu nake kiwo. Ranar da Baba ya ce, "Shanun nasu suna da tozo kamar namu?" na ce masa layi ba ya da kyau, na kashe waya, na zauna na yi kuka kamar yaro.

Abin da ya fitar da ni wani guntun kwali ne. A Daura akwai wani ɗan kabilar Ibo mai sayar da kayan gyaran babur, Oga Emeka, wurinsa nake sayen filogi da sarƙa. Da ya ji zan tafi, ya yagi kwalin filogi ya rubuta lamba a baya, ya ce, "Malam, ƙanwata ce, tana aikin jinya a can. In duniya ta yi maka zafi, kira ta." Na karɓa don kada ya ji ba daɗi, a raina ina cewa me zai haɗa ni da ita. To, ɗan hakin da ka raina.

Da na kira, na fara haɗa Turancina na makaranta, sai na ji an ce, "Kai ɗan ina ne a Daura?" Hausa tsantsa, irin ta bakin kasuwa. Na ce ɗan wani ƙauye ne kusa da Dutsi. Ta ce, "Af, baƙauye ne ma. Ni a cikin birni aka haife ni. Faɗa mini inda kake, kada ka motsa."

Sunanta Uche, ta girme ni, don haka Anti nake ce mata. Tafiyar awa uku ta yi ta zo ta ɗauke ni, ta kai ni gidanta, ta tuƙa mini tuwon garin masara da miyar kuɓewa busasshiya. Ta haɗa ni da wani lauya na cocinsu. Shi ya ƙwato mini fasfo, ya samo mini izinin aiki, amma ya ja mini kunne: har a gama duba takarduna, in na sa ƙafa waje da ƙasar, ba dawowa. Na ce wata nawa? Ya ɗaga kafaɗa.

Anti Uche ce ta samo mini aiki a makarantar da 'ya'yanta suka yi, wata sakandare ta Kiristoci 'yan ɗarikar Lutaran, a wani ƙaramin gari da gonakin masara suka kewaye. Shara, goge-goge, gyaran famfo, kwashe dusar ƙanƙara daga bakin ƙofa. Malami guda ya koma riƙe tsintsiya. Ban ji daɗi ba, amma wanda ya fito daga ɗakin alade ba ya raina tsintsiya.

Na shiga da ɗari-ɗari. Inna ma da ta ji ta ce, "Makarantar mishan? Yayan Sale, ka riƙe sallarka." Ni ne ɗan farinta, ba ta kama sunana, sai ta bi ta kan ƙanena. Ranar farko shugaban makarantar ya tambaye ni sau nawa nake ibada a lokacin aiki. Na ce a raina, to, an fara. Ashe ɗaki yake so ya ba ni. Ya buɗe wani ɗan sito kusa da ɗakin kiɗa, ya sa aka kwashe kujeru, har ya ciro waya yana nema mini gabas. A nan nake azahar, yara na bayan bango suna koyon waƙar coci.

A makarantar akwai wata tsohuwa, Rut, ta haura tamanin. Ta daɗe da barin koyarwa, amma kullum sai ta zo, da sandarta da baƙar jaka, tana duba abin da ba a sa ta ba. In na goge daɓe sai ta nuna lungu da sanda ta ce ban kai nan ba. Na sa mata Iya Sa-ido, a fili kuwa Iya kawai. Ita ta tsayar da ni wata rana gaban wani akwatin gilashi da ke zauren shiga. A ciki akwai hoton wasu maza masu kaurin hannu da matansu, da wata babbar kwalba cike da jar masara.

"Kullum kana goge gilashin nan, ba ka taɓa tambaya ba," in ji ta.

"Iya, baƙo ba ya tambayar abin da ke cikin tukunya."

Ta nuna wani dogo a hoton. "Mahaifina ke nan. Manoma ne dukkansu, iyayensu daga ƙetaren teku suka zo, ba su jin harshen ƙasar nan. Yaro in ya gama firamare sai gona, ko a tura shi birni ya dawo ba ya gane iyayensa ba ya gane Ubangijinsa. Suka ce ba za ta saɓu ba. Kowane gida ya ware eka guda, abin da ta ba da na makaranta ne. Da hannunsu suka ɗora tubalin nan. Ajin farko a ɗakin ƙasa na coci aka yi shi, ina cikinsu, muna rubutu da safar hannu."

Masarar kuwa, ta ce, irin da aka shuka a waɗancan ekoki ne. Akwai wani fili a bayan makaranta, Gonar Magabata. Duk shekara 'yan ajin ƙarshe su ke girbe ta, su cika kwalbar, su sake shuka ta, sannan a ba su takardar gamawa. Ba a taɓa fashi ba. Na yaba, na ci gaba da goge gilashina. A lokacin labari ne kawai a wurina, irin na tsofaffi.

A sanyina na biyu Baba ya rasu. Ina kwashe ƙanƙara a bakin ƙofa Sale ya kira. Kafin in gama fahimtar abin da yake faɗi, an riga an kai shi. Ban ga fuskarsa ba, ban ɗauki makararsa ba, ban zuba masa ƙasa ba. Na shiga sitona na yi masa addu'a ni kaɗai. Har yau wannan abin bai sake ni ba.

Damina ta zagayo, ta zo da nata. Mu a gidanmu akwai wani gero da muka gada, mai gashi a jikin zangarniya, tsuntsu ba ya iya sauka a kansa. Gemun Kaka muke ce masa. Kakan Baba ya zo da shi daga arewa, kuma ko a shekarar yunwa ba a taɓa daka damin iri ba. Maƙwabta duk sun koma sabon iri, Baba kaɗai ya kafe. A shekarar nan ruwa ya sauka da wuri, Sale ya shuka, ruwa ya ɗauke, shuka ta ƙone. Ya sake shukawa da ragowar, ruwa ya sake ɗaukewa. Karo na uku sai da ya je kasuwar Babban Mutum ya sayo irin kowa da kowa. Ya bi gida-gida har Baure yana cigiya, babu mai ko zangarniya ɗaya.

Sale yana gaya mini yana sheshsheƙa. "Yaya, shekara ɗaya kacal aka bar mini, na kashe shi."

Sai na ji Inna ta karɓi wayar. "Yayan Sale, abin da Malam ya ɗaura maka a hannu, yana nan?"

"Layar? Tana nan, Inna."

"Wace laya? Yaushe ka ga Malam da laya? Iri ne. Da hannuna na sussuka shi. Cewa ya yi ɗan manomi ba ya tafiya hannu wofi."

Na warware ɗinkin da reza. Ga shi nan, ƙanana, ruwan toka, bai cika tafin hannu ba. Na shinshina, na ji ƙanshin rumbunmu. Duk duniya, abin da ya rage na Gemun Kaka ke nan. Aika shi haka ba zai yiwu ba: ya kwana biyu, ba ni da tabbacin zai tsira, kuma in ruwa ya sake yaudarar Sale, shi ke nan. Sai dai in shuka shi a nan, in sabunta shi, in yawaita shi.

Na je wurin shugaban makaranta na roƙi ɗan gefe a bayan Gonar Magabata. Ya kira malamar kimiyya, suka yi 'yan tambaye-tambayensu a ofishin gona, aka duba irin, aka ce ba laifi. Na jira sanyi ya wuce kamar mai jiran watan salla.

Ran nan da hantsi, cikin watan huɗu, sama ta yi baƙi, aka tsuge da ruwa. Ruwan farko! Ƙanshin ƙasa ya bugi hancina, jikina ya tashi da kansa. A garinmu, in ruwan farko ya jiƙa ƙasa, ko mai jego ba ta zama. Na yar da tsintsiya, na ɗauki fartanya, na ja kunya uku, na bi ina jefawa ina takewa da diddige, yadda Baba ya koya mini. Ina cikin ta uku na ji sanda tana bugun shinge.

"Habu! Me kake yi?"

"Shuka, Iya. Ba ki ga ruwa ba?"

"Ƙasar nan ba ta farka ba. Dakata."

Raina ya ɓaci. Na ce, "Iya, da girmanki, ni fa malamin gona ne. Gero tun ina goye nake ganinsa. Ke kin taɓa ganin gero?"

"Ban taɓa ba," in ji ta. "Amma ƙasar nan na san ta. Nawa ya rage a hannunka?"

Na buɗe tafina. Ta miƙo nata. "Ba ni."

Wallahi ban san abin da ya sa na ba ta ba, ina jin kunyar furfura ce. Ta juye a cikin kwalbar maganinta da ta ƙare, ta jefa a baƙar jaka, ta juya ta tafi. Na bi ta da harara.

Kwana huɗu bayan nan dusar ƙanƙara ta sake zuba. Na jira mako ɗaya, na jira biyu. Da na tona da yatsa, ƙwayoyin sun kumbura sun ruɓe, sun zama kamar dusa. Na zauna a kan kunyar nan cikin taɓo. Na zagi Sale a zuciyata wata da watanni, ga shi ni, mai takardar shaida, na kashe kashi uku cikin huɗu da hannuna a wuni ɗaya. Girman kai rawanin tsiya.

Iya Rut ta same ni a nan. Ban iya ɗaga ido ba. Ba ta ce ai na gaya maka ba, da ta faɗa ma da ya fi mini sauƙi. Ta jingina da shinge ta ce, "Kakana ma haka ya yi a shekararsa ta farko. Ya shuka da lissafin ƙasarsu, ya tashi ba komai. Matar wani maƙwabci ce ta ɓoye cikin kofi guda na irin a safa, shi ya cece su. Shi ya sa dokar kwalbar can guda biyu ce. Ba a juye ta duka, ko shekara ta yi kyau kamar me. Kuma duk wanda ya zo da iri daga wani wuri, a ba shi kunya a cikin gonar, ba a bayanta ba. Mahaifina yakan ce ba don 'ya'yansu kaɗai suka yi ginin nan ba, har da 'ya'yan wanda bai iso ba tukuna."

Na ce, "To yaushe ƙasar taku take farkawa?"

"Zan gaya maka. Mu ba ruwa muke tambaya ba."

Sai farkon watan shida ta kira ni, ranar da 'yan ajin ƙarshe suka taru a gonar. Masararsu har ta fito. Ta ce in cire takalmi da safa in tsaya a kan ƙasa. "Mu Addu'ar Ubangiji muke karantawa. In ka kai ƙarshe ƙafarka ba ta nemi takalmi ba, ƙasa ta yarda. Kai karanta taka." Na tsaya, na karanta Fatiha, na ƙara da Ƙulhuwallahu don in tabbata. Ɗumi na shigowa ta tafin ƙafata. Ta ciro kwalbar magani, ta zuba mini, ta rage kaɗan a gindi ta mayar jaka. Wannan karon ban yi musu ba.

Kwana biyar ya tsiro. Ba duka ba, rami goma sha huɗu. Na durƙusa ina kallon 'yan tsirran nan kamar an aiko mini da hoton gida.

Amma Gemun Kaka ya ga ranar da bai saba ba. A can, da bazara, rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe tara. Gero ya yi ta tsawo, ya wuce ni, ya wuce masara, ya ƙi yin ciki. Kullum da safe in matsa karan in ji wayam. Inna tana tambaya, "Ya fid da kai?" Ina cewa, "Saura ƙiris." Sai ƙarshen watan takwas ya fito da kai, ya yi bununi, gashin nan ya miƙe. Tsuntsayen Amurka suka zo suka gwada, suka koma da haushi. Na yi dariya har da riƙe ciki.

Ido ya fara cika amma bai ƙosa ba, sai ga sanarwa a rediyo cewa sanyin da ke daskarar da raɓa zai sauka kafin wayewar gari. Masara ta riga ta bushe, ba ruwanta. Geron kuwa kwana goma yake nema. Da la'asar ina tsaye gabansa da buhunan shara biyu, ban san ta inda zan fara ba, sai na ga ƙofar ɗakin kiɗa ta buɗe. Sababbin 'yan ajin ƙarshe ne, kowa rungume da tsofaffin rigunan mawaƙan coci, jajaye masu faɗin hannu, Iya Rut a gaba tana ba da umarni da sanda. Aka kafa sanduna, aka hau kujeru, aka sa wa kowane gindi riga har ƙasa.

Na ja baya na duba. Gemun Kaka, geron Malam Idi mai limancin ƙauye, a jere cikin rigunan coci kamar za su ta da waƙa. Na ce, "Baba, ka yafe mini, lalura ce." Dariya ta zo mini tare da hawaye, na rasa wadda zan fara.

Sau uku muka yi haka. Ran girbi na yanki zangarniya talatin da ɗaya. Raina ya biya da tumu, har na ji ƙamshinsa a wuta, amma ko ɗaya ban gasa ba. Na sussuka a cikin kwano, na sheƙe a bakin iska. Malamar kimiyya ta bi mini takardar ofishin gona. Da Kirsimeti ya matso, Anti Uche za ta je ganin yayanta a Daura, na ba ta ƙulli. Ta auna shi a hannu ta ce, "Mutane na aika wa iyayensu waya da atamfa, kai gero. Baƙauye dai baƙauye ne." Ta sa shi a jakar hannunta, tare da fasfo.

Ban ba ta duka ba. Na riga na koyi karatuna. Ragowar na kai wa Iya Rut, ta sa aka buɗe akwatin gilashi, aka ajiye ƙaramar kwalba kusa da babbar. Ta ba ni alƙalami in rubuta suna. Na rubuta Gemun Kaka, na Malam Idi, ƙasar Daura. Yanzu 'yan ajin ƙarshe kunya biyu suke ja masa duk shekara, kuma sai sun cire takalmi. Iya ba ta ga shuka ta biyu ba. A jana'izarta na zauna a layin baya, da hulata, ban san waƙoƙinsu ba, amma na san wadda ake yi wa.

Da damina ta kama a gida, Sale ya bar ruwan farko ya wuce, ya shuka a na biyu, ya kuma rage rabi a rumbu. Wata ranar Juma'a, ina goge gilashin nan, waya ta yi ƙara. Inna ce. Na ji iska a bayanta, da kukan kurciya, na san a gona take tsaye.

"Yayan Sale, ya fid da kai. Da gemunsa da komai, kamar bai je ko'ina ba."

Na ce alhamdulillahi, na ƙara cewa alhamdulillahi. Takarduna har yanzu suna hannun hukuma, Inna ta sani, ba ta taɓa tambayata yaushe ba.

"Zan ɗaure maka dami guda daban," in ji ta. "Ba za a daka ba. Shi dai ya dawo, Habu. Saura kai."

Ban taɓa jin sunana a bakinta ba sai ranar.